Masu Ƙirga Sauro: Rayuwa da Aikin Masana Ƙwari

An gabatar da wannan lacca a wani ɗakin taro a birnin Kano, gaban ɗaliban kimiyyar halittu da na aikin gona, da wasu malaman gona da 'yan kasuwar hatsi. An kwafo ta daga faifan murya, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malamaina, iyayenmu 'yan kasuwa da nake hangowa a sahun gaba, ƙannena ɗalibai, assalamu alaikum.

Idan ka ce wa mutumin Kano ga masanin ƙwari nan ya zo, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne wani ya goyo tankin feshi, ya ɗaure hanci da tsumma, yana zagaya bayan gida. Wancan mai feshi ne, kuma sana'arsa sana'a ce. Wanda za mu yi magana a kansa yau, sau da yawa shi ne mai riƙe hannun mai feshi ya ce dakata tukuna, bari mu ga ko wane ne. Duk mutanen da zan ambata muku, abu uku suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kai: su gane ƙwaro da sunansa na ainihi, su ƙirga shi, sannan su bi rayuwarsa tun daga ƙwai har mutuwa don su ga inda take da rauni.

Kalmar ƙwaro a bakinmu tana da faɗi. Kunama ƙwaro, kaska ƙwaro, har mutum in ya gwanance sai a ce wane ai ƙwaro ne. A wurin masu wannan ilimi kuwa, ƙwaro shi ne mai ƙafa 6 da jiki kashi 3: kai, ƙirji, ciki. Gizo-gizo da kunama da babbar kaska ƙafa 8 gare su, danginsu daban. Ire-iren ƙwarin da aka riga aka raɗa wa suna sun kai kusan miliyan ɗaya. Kuma kallonsu da idon basira ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ga Suratun Nahli, ga Suratun Namli, ga Jahizu na Basra wanda ya yi rubutu a kan ƙuda da tururuwa tun ƙarni na 9.

Mu fara da sauro, tunda shi ne ya hana kowa barci jiya.

Ronald Ross likitan soja ne ɗan Ingila da ke aiki a Indiya. Daga 1895 ya shiga feɗe sauro yana neman ƙwayar cutar maleriya a cikinsa. Shekara biyu yana abu ɗaya bai ga komai ba. Hannunsa bai gaza ba, madubinsa mai ƙara girman abu bai gaza ba. Sauron da yake feɗewa ne ba shi ne ba. Yana ta fama da ire-iren da ba sa ɗaukar maleriyar mutum, domin a lokacin bai iya rarrabe su ba. Sai da aka kawo masa wani mai ɗige-ɗige a fiffike, ya ba shi jinin mai zazzaɓi, ranar 20 ga Agusta 1897 ya ga ƙwayar cutar manne a bangon tumbinsa. Wannan sauron shi ne Anofilis. Shekara ta zagayo, Giovanni Grassi na Italiya da abokan aikinsa suka tabbatar cewa Anofilis ne ke kai cutar daga mutum zuwa mutum. Ross ya karɓi lambar Nobel a 1902, kuma su biyun suka mutu ba sa ga-maciji da juna a kan wa ya riga wa. Ɗalibai, wannan ma yana cikin sana'ar, kada ku ɗauka masana ba sa kishi.

Abin da ya ci wa Ross shekara biyu, yau a mako guda ake koyar da shi. Anofilis in ya sauka a bango yana ɗaga bayansa sama, kamar an soka tsinke a karkace. Sauron kwata, wanda ake kira Kiyuleks, jikinsa yana miƙe daidai da bangon. Tsutsar Anofilis tana kwanciya a miƙe a fuskar ruwa, ta Kiyuleks tana reto kai ƙasa da ɗan bututun shaƙar iska a wutsiya. Namiji gashin kansa buzu-buzu ne kuma ba ya cizo. Mace ce ke shan jini don ƙwanta ya nuna.

To amma gane Anofilis ba shi ne ƙarshen zance ba, kuma ƙasarmu ce ta koya wa duniya haka har sau biyu. A 1954 aka fara gwajin feshin ɗakuna a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi. Kafin a cika shekara biyu, a Ambursa, aka tarar sauron ya daina mutuwa da maganin diyaldirin. Irin sauron Ambursa har Landan aka kai shi aka yi kiwonsa ana nazarin yadda yake gadar wa 'ya'yansa wannan taurin kai.

Na biyun a nan kusa ne, Garki, wadda a lokacin tana jihar Kano, yanzu tana Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi aikin da har yau duk mai karatun maleriya sai ya bi ta kansa. Kafin a fesa ko ɗigo ɗaya, sai da aka yi kusan shekara ɗaya da rabi ana ƙirga: sauro nawa ke cizon mutum a dare, nawa ne a cikinsu ke ɗauke da cuta, yara nawa ke da ita a jini. A wasu ƙauyukan, cizo mai ɗauke da cuta da mutum ɗaya ke samu ya haura 100 a shekara. Sannan a 1972 da 1973 aka fesa bangon ɗakuna da maganin furofoksa. Ƙarfin sauro na yaɗa cuta ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Amma yawan masu cutar a jini kusan kashi 25 kawai ya ragu. Ku tsaya ku auna wannan. Ka kashe tara cikin goma, amma ɗayan da ya rage ya ishi gari.

Me ya tsare ragowar? A nan aikin Mario Coluzzi, wani ɗan Italiya, ya shigo. Shi ba fiffike yake kallo ba. Yakan ciro mahaifar ƙwan macen sauro, ya matse ta a kan gilashi, ya rina, ya karanta zanen da ke kan zaren gadon halittarta kamar mai karanta layin allo. Ta irin wannan karatu aka ga cewa abin da ido ke kira sauro ɗaya a gaskiya 'yan uwan juna ne masu hali daban-daban. Wani ya ci jini sai ya kwanta a bangon ɗaki, magani ya same shi. Wani yana gama ci sai ya fice waje ya huta, bai taɓa bangon ba balle ya mutu. A 2013 aka raɗa wa ɗaya daga cikinsu sunan Coluzzi, kuma yana cikin masu cizonmu a yankin nan. Yau da gwajin gadon halitta da ake kira PCR ake raba su. Ga kuma baƙo: a 2020 an kama Anofilis stephensi a jihar Gombe, ɗan asalin Asiya, wanda ke hayayyafa a tankin ruwa da rijiyar siminti a tsakiyar gari. Birni irin namu da kowane gini ke da wurin tara ruwa, dole a sa masa ido.

Yanzu bari in nuna muku yadda ranar aiki take, domin mai sha'awar sana'ar ya san abin da zai saya.

Kamun safe ana yin sa tsakanin ƙarfe 6 da 8, kafin a share ɗaki. Sai an riga an sami izinin hukumar da ke duba ɗa'ar bincike, an je wa mai unguwa, an nemi yardar mai gida. A fitar da abinci da ruwan sha da kaji. A shimfiɗa fararen zannuwa su rufe ƙasa da gado gaba ɗaya, a rufe ƙofa da taga, mutum ɗaya ya fesa maganin sauro a ciki, ɗaya ya bi ta waje yana fesa kafofin da ke ƙarƙashin rufi don kada su tsere. A jira minti 10. A kama zanen ta kusurwa huɗu a fito da shi haske, a tsince sauron da ɗan hantsaki, a sa a faranti mai jiƙaƙƙiyar auduga. Kowace mace a duba cikinta: wadda ba ta ci ba, wadda ta ƙoshi ja-wur, wadda ta fara ƙwai, wadda ƙwai ya cika ta. A rubuta mutum nawa suka kwana a ɗakin, da ko akwai gidan sauro. Wanda ya manta wannan tambaya ya yi aikin banza, domin sauro 40 a ɗakin mutum biyu da sauro 40 a ɗakin mutum takwas ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Kuma in an bar zanen a ƙasa ana hira, cinnaka za su kwashe rabin sakamakon.

A nan ne nake kira ga ƙannena mata. Yawancin gidajenmu ba-shiga ne. Ayarin da babu mace a cikinsa zaure da shagon samari kawai zai iya shiga, alhali ɗakin da uwa da jarirai ke kwana shi ne wurin da ake buƙatar lissafinsa.

Don gwada ko magani na ci, ba sauron ɗaki ake amfani da shi ba, tunda ba a san shekarunsa ba, ba a san abin da ya riga ya taɓa ba. Tsutsa ake ɗebowa da farin ludayi mai cin mililita 350, daga kududdufi, sawun taya, ramin masu bulo, gefen fadamar shinkafa irin ta Kura. Ka tunkari ruwan rana tana gabanka, domin inuwarka na faɗawa a kai za su nutse. A ɗakin kiwo ana son zafi wajen digiri 27, damshin iska kashi 75 zuwa 80. Ku da kuka san Afrilun Kano da hunturunta kun san wannan yaƙi ne: wuta ta ɗauke da rana tsaka keji ya mutu, iskar hunturu ta busar da su sai an lulluɓe kejin da jiƙaƙƙen tawul. Ruwan famfo sai ya kwana sinadarin kulorin ya fice. Abincin kifi ake niƙa musu, ɗan kaɗan, in ya yi yawa sai yauƙi ya rufe fuskar ruwan su shaƙe. Ƙafafun tebur a tsoma su a gwangwanin mai saboda tururuwa. Wanda ya kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗakinsa jiya, kada ya shigo da rigar.

Gwajin kansa ƙa'idarsa a rubuce take. Matan sauro zalla, 'yan kwana 3 zuwa 5, waɗanda ba su taɓa shan jini ba. A sa 20 zuwa 25 a kowane bututu. Bututu 4 masu takardar da aka jiƙa da magani, 2 masu takarda marar magani don shaida. Minti 60 a ciki, sannan a mayar da su bututu mai tsabta da audugar ruwan sukari kashi 10, a ƙirga matattu bayan awa 24. In kashi 98 zuwa sama suka mutu, magani na ci. Tsakanin 90 da 97, akwai alamar tambaya, a sake. Ƙasa da 90, sauro ya gagari maganin. In matattun bututun shaida suka wuce kashi 20, a zubar da gwajin duka, domin zafi ko riƙon hannu ne ya kashe su ba magani ba. Takarda ɗaya ba ta wuce amfani 6. Da irin wannan ƙidaya ake yanke shawarar wane irin gidan sauro za a raba wa jiha guda.

Wani ɓangaren sana'ar kuma shiru ne, akwati da fil. Ƙwaro mai tauri ana kashe shi a kwalba mai sinadarin itil asitet ko a firiza, a soke shi da fil na musamman marar tsatsa, lamba 2 ko 3 ga matsakaici. Fil ɗin tela yana tsatsa ya fasa jikin. Dangin buzuzu ta fiffiken dama ake soke su, fara ta gefen dama na bayan wuya, malam-buɗe-littafi ta tsakiyar ƙirji sannan a baje fikafikan su bushe. Ana kauce wa tsakiya ne don gefe ɗaya ya zauna lafiya ga mai dubawa. Ƙananan da fil zai wargaza, a manna su a bakin ɗan kwali mai tsini. Masu laushi irin darɓa a sa su a itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, in kuma don gwajin gadon halitta ne, 95 zuwa sama. Tsutsa a fara tsoma ta a ruwan zafi, in ba haka ba sai ta yi baƙi ta yamutse. Sannan takardar shaida: gari, rana da wata da shekara, shukar da aka same shi a kai, wanda ya kama. Da fensir za a rubuta ta cikin kwalba, biro narkewa yake. Ƙwaron da ba shi da wannan takarda, komai kyansa, ado ne kawai. Da damina fumfuna ke cin akwati, sauran lokaci wasu ƙananan ƙwari ne ke shiga su mayar da shi gari. Ku je Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ku ga ma'ajiyar ƙwarin da ke can. Wanda ya ga baƙon abu a gonarsa, da irin waɗannan akwatuna ake gwada shi.

Alhazan Dawanau, na zo kanku. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Macen tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar, ɗan fari kamar ɗigon gishiri. Tsutsar ba ta fitowa fili, ta ƙarƙashin ƙwan take hudawa ta shige, ta ci ta girma a ciki. A zafinmu mako 3 zuwa 4 ya isa. Ramin da kuke gani ƙofar fitar babba ce, wato ɓarna ta riga ta gama. Shi ya sa buhun da ya shigo kamar lafiya ƙalau, bayan wata uku sai ka ji yana ɗumi yana gari. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta zuba fiya-fiya a kai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar sinadarin dikulobos, kuma abin da Bature ya ƙi, mu muka ci shi a ƙosai da alala.

Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka, tare da masu bincike na Kamaru a Marwa, tun ƙarshen shekarun 1980 suke bin wannan ƙwaro. Sun auna cewa zafin digiri 57 na awa ɗaya yana kashe shi a kowane mataki, har na cikin ƙwaya. Daga nan dabarar shanya ta fito: busasshiyar ciyawa a ƙasa, baƙar leda a kai, a baza wake, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna, a bar shi awa 2 da tsakar rana. Sai kuma buhu mai riɓi uku, wanda aka fara yaɗawa sosai daga 2007 da sunan PICS: leda biyu masu kaurin maikuron 80 a ciki, buhun saƙa a waje. Ƙwarin da kansu suke shanye iskar da ke ciki. In ta yi ƙasa sai su daina ci. Kuma da yake ruwan jikinsu daga abincin da suke ƙonawa da iskar yake samuwa, ƙishirwa ce ke ƙarasa su.

Inda ake kuskure sananne ne. Ba a gwada ledar kafin a zuba: a cika ta da iska, a shaƙe bakin, a danna, in ta saki to akwai huda. Ana zuba wake da danshi ko da tsakuwa da karan da ke tsaga leda. Ana haɗa bakin ukun a ɗaure wuri ɗaya, alhali kowace sai an matse iskarta, an murɗe, an lanƙwasa, an ɗaure ta ita kaɗai. Ana buɗewa kowane mako a ɗebi na tuwo. Ana jingina buhu da bango ɓera ya huda. Sannan ɗan kasuwa ya zo da abin zungurarsa ya soka don ya ga samfur. Shi ke nan, an kashe buhu. Ita kuwa ƙwayar da kuke kira bom, kowace mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin. Aikinta sai a rufaffen wuri na aƙalla kwana 5 zuwa 7, a hannun wanda aka horar, kuma har abada ba a ginin da mutane ke kwana ba. Tana kisa ta cikin bango mai tsaga.

Wani lokaci kuma maganin ƙwaro wani ƙwaron ne. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da gari ya ɓulla a rogon Kwango, ya bazu. Hans Herren, ɗan Suwizalan, ya zo IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, a Ibadan a 1979 yana ɗan shekara 31. Tunaninsa shi ne: rogo daga Kudancin Amurka ya zo, to ƙwaron ma daga can yake, kuma a can akwai mai cinsa. An fara nema a inda ba nan ba, aka ɗauko maƙiyan wani ɗan uwansa mai kama da shi, suka ƙi aiki. Matsalar Ross ce ta dawo. Sai da Anthony Bellotti ya gano na ainihin a Faraguwai, aka samo wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke saka ƙwai a cikinsa. Aka tantance shi a killace, aka yi kiwonsa, aka sake shi, wani wurin har daga jirgin sama. Herren ya sami babbar lambar abinci ta duniya a 1995. Manomin da rogonsa ya tsira bai sayi ko kwalba ɗaya ba.

Kada lambobin yabo su ruɗe ku, yawancin masu aikin nan ba a san su ba. T.A.M. Nash ya yi shekaru a Gadau cikin shekarun 1930 yana bin ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu. Wannan ƙuda ba ya zuba ƙwai. Tsutsa ɗaya macen ke haifa duk bayan kwana 9 zuwa 10, don haka kashe kaɗan a kai a kai yana karya shi. Kuma da rani sai ya tattaru a inuwar bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa. A kan wannan sani aka sassare kurmin bakin rafuka a ƙasar Anchau, aka haƙa rijiyoyi, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Cibiyar binciken wannan cuta tana Kaduna har yau. Amma masu bin sawu da ragar kamu, 'yan ƙasa da suka yi ta ƙirga ƙudan a rana, sunayensu ba su shiga littafi ba. Charles Henry Turner, baƙar fata ɗan Amurka, ya sami digirin dakta a Jami'ar Chicago a 1907, amma a makarantar sakandare ya ƙare aikinsa. Daga can, ba ɗakin bincike ba mataimaki, ya nuna cewa ƙwari suna jin sauti kuma ƙudan zuma na rarrabe launi. Thomas Odhiambo na Kenya kuwa ya ga cewa in ba a gina wurin aiki a Afirka ba, ƙwararrunmu za su ƙare a ƙasashen wasu, sai ya kafa cibiyar binciken ƙwari ta icipe a Nairobi a 1970.

Hanyar shiga a nan gida ba ɓoyayya ba ce. Kiredit a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Sannan digiri a kimiyyar dabbobi ko ta halittu, shekara 4, ko aikin gona, shekara 5, mutum ya karkata ga kare amfanin gona. Jami'ar Bayero tana da hanyoyin biyu, ga ta Wudil, ga Samaru. Ƙwarewa ta gaske a digiri na biyu take farawa, lokacin da za a ce zaɓi ƙwaro ɗaya ka zauna da shi. Wuraren aiki: jami'o'i, tashar IITA ta nan Kano, cibiyar binciken adana amfanin gona mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, hukumar killace kayan gona ta tashoshin jirgi da kan iyaka, shirin yaƙi da maleriya, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano wato KNARDA, kamfanonin iri da na magani. Ba zan yi muku zaƙin baki ba: guraben ba su da yawa, kuma kuɗin bincike galibi tallafi ne na shekara 2 zuwa 5, in ya ƙare a sake rubuta neman wani. A ganina abu uku ke raba wanda ya tsaya da wanda ya watse: lissafin ƙididdiga a kwamfuta, iya rubuta rahoto, da iya zama da manomi a yi magana da Hausar da zai ɗauka. Na huɗun da ya fi ƙaranci shi ne mai iya ɗaukar ƙwaro ya bi mabuɗin rarrabewa, wato jerin siffofin da ake dubawa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga sunansa. Kowa ya ruga wajen na'ura, an bar madubi, alhali na'urar abin da ka saka mata take karantawa.

Daga nan aka ba da damar tambaya. Wani dattijo manomin tumatir daga Kadawa ya miƙe.

Ya ce: Allah gafarta Malam, mu sharon ce ta gama da mu. Mun fesa safe mun fesa yamma, kamar muna ba ta ruwa. Ina masanan suke?

Malam ya ce: Baba, tambayarka a kan hanya take. Abin da kuke kira sharon sunanta Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta yi mana mummunar ɓarna a 2016. Uwar ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ne, toka-toka, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, kuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa, can take ci. Maganin da ke zama a bayan ganye bai same ta ba. Ka ɗaga ganyen ka kalli rana ta cikinsa: in ka ga fili mai faɗi kamar tabon ƙuna da baƙin kashi a gefe, ita ce. In siririn layi ne mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, wannan tsutsar wani ƙuda ce, maganinsu ba ɗaya ba.

Da zafin Maris da Afrilu, ƙasa da wata guda take zagayowa daga ƙwai zuwa uwa, shi ya sa tumatirin da aka makara dasawa ya fi shan wuya. Tarkon ƙamshin mace za ka kafa tun a gadon reno: roba mai ruwa da ɗan sabulu, ƙamshin a rataye a sama, ka riƙa ƙirga mazan da suka faɗa kowane mako, ka canja ƙamshin bayan mako 4 zuwa 6. Shi zai gaya maka ta iso kafin ganye ya nuna. Kada ka yi reno kusa da tsohuwar gona. In ka gama tsinka, ka tuge karan ka ƙone ko ka binne, kada ka bar shi tsaye. Gauta da dankalin Turawa ma tana zama a kansu. Wajen magani kuma, Baba, canja kwalba ba canja magani ba ne. Kwalba uku masu suna daban suna iya zama sinadari ɗaya. Ka sa yaro ya karanta maka sunan sinadarin da ke jikin takardar, ƙananan rubutun nan na ƙasa, ka yi wata guda da rukuni ɗaya, wata mai zuwa ka koma wani rukunin. Kuma ku yi tare da maƙwabtan gonarka a mako ɗaya, domin uwar tashi take, ba ta san iyakar gonar kowa ba.